Wadda Ke Kusurwar Zane

Litinin, 4 ga Maris 1985, da hantsi

'Yan gaisuwa sun ɗauke ƙafa. Gidan ya koma daga ni sai Iya, gwaggon Malam, wadda aka ajiye ta taya ni zaman takaba. Ta ba ni 'yar wuƙa, ta ce ko bayi zan shiga in riƙe. Na ce Iya, malamai sun ce babu wannan a littafi. Ta ce, "Malaman sun taɓa yin takaba ne? Riƙe."

Na riƙe.

Malam, mijina, shi ya gyara min boko bayan ɗan yaƙi da jahilcin da na yi. Yakan ce rubutuna kamar kaza ta taka tawada. To ga kazar tana rubutu, babu mai yi mata dariya.

An buɗe ruwa tun asuba. Ƙaramin kanal na noman rani ta bayan katangarmu ya bi. Da ban taɓa lura yana da ƙara haka ba.

Laraba, 6 ga Maris, bayan la'asar

Yaya Sunusi, wan Malam, ya zo duba kaya. Daga bakin ƙofa ya tsaya, ni ina ciki. Ya yi maganar gona da keke da gwangwanayen fenti, sannan ya ce, "Sa'a, adakar nan ta ƙarƙashin gado tana nan?"

Na ce tana nan.

Na ji yana jan carbinsa.

Mutanen Kura sun san Malam da noman tumatir da rubuta allon shaguna. Kaɗan ne suka san cewa kafin a sami 'yancin kai, har zuwa 'yan shekaru bayansa, shi ke zanen ban dariya a wata jarida a Zariya. Dogo da Razdan. Dogo mutum ne mai dabarar da kullum ke komawa kansa, Razdan jakinsa ne, an sa masa sunan babban baturen mulki don ba ya motsi sai ya ga dama. Malam ya zana, abokinsa Tambaya ya sa musu magana a baki. In an buga, sai a dawo masa da kwalin da ya zana da hannunsa. Su ne a adakar.

Yaya Sunusi ya ce, "Kin san abin da ya zo a kan mai zana abu mai rai. Ranar tsayuwa za a ce masa ya busa wa abin da ya zana rai, kuma ba zai iya ba. Na faɗa masa yana raye. Ko a ƙona su, ko a raba kowane kai da gangar jikinsa, a ja layi a wuya. In an raba, ya tashi daga mai rai."

Na ce, "Yaya, wasa ne fa suka yi, na yarinta."

Ya ce, "Ƙanina ne kafin ya zama mijinki. Ni na goya shi. Ba na barci, Sa'a." Muryarsa ta karye. Ya ce kafin sadakar arba'in, in ban yi ba zai zo ya ɗauka ya ƙona.

Alhamis, 7 ga Maris, da azahar

Ban buɗe ba.

Asabar, 9 ga Maris, da hantsi

Na buɗe. Warin tsohuwar takarda, da wani wari kamar na gansakuka. Iya ta ce hancina ne, adakar a bushe take ƙamas.

Na manta da wani abu. Maganar ba a jikin kwalin ake rubuta ta ba. Malam yakan zana da'ira tana fita daga bakin mutum, yana ce mata kumfa, ya bar ta fara. Tambaya ya kawo maganar, a buga ta a ƙananan takardu, a manna a ciki. To gam ɗin ya bushe tuntuni, takardun sun zube, kyankyasai sun cinye. Yanzu kowa bakinsa a buɗe, kumfa a kansa, ba komai a ciki sai tabon gam ruwan ƙasa. Dogo na ihu, babu ihu. Matan kasuwa na dariya, babu dariya. Gari guda cike da mutane, an ɗauke musu murya.

Na rufe da sauri har na matse yatsana.

Lahadi, 10 ga Maris, da tsakar rana

Zafi. Duk gari yana gona ko gindin bishiya. A daidai lokacin nan na ji ƙarar bakin alƙalami a kan kwali, ƙyas, ƙyas, daga ɗakinsa. Na san ƙarar nan, na yi shekaru ina tankaɗe a gefenta. Na leƙa da wuƙata a hannu. Ƙadangare ne a kan rufin kwano.

Na ce ƙadangare ne.

Talata, 12 ga Maris, bayan la'asar

Na fito da su duka, na jera yadda suke, na farko a sama. Sai na ga abin da ban sani ba.

An riga an fara.

Na saman duk an ja musu layi a wuya. Dogo, Razdan, ɗan doka, mai tallan fura, har kajin da ke tsakar gida. Layi siriri, madaidaici, hannunsa ne. Tawadar sabuwa ce, tana ƙyalli, ba ta koɗe kamar sauran ba. Ashe abin da yake yi ke nan a watan jiya da yake rufe ƙofa bayan azahar ya ce min lissafin taki yake.

Ya yi fiye da rabi. Ya tsaya a kwalin da ta fara fitowa.

Ƙasa, a kusurwar hagu, 'yar yarinya tana zaune, da tsako a hannu. Ba ruwanta da labarin. Daga wannan kwalin har na ƙarshe tana nan a kusurwa, tana ƙara girma kaɗan kaɗan. A wannan ya ja wa Dogo layi, ya ja wa jaki. A gefen wuyanta akwai ɗigon tawada inda ya ɗora alƙalamin. Bai ja ba.

Washegarin ranar ne, in lissafina daidai ne, ya ce zai je ya dubo ruwa.

Laraba, 13 ga Maris, da safe

Takalmansa a jere aka same su a bakin ruwa, keken a jingine da kyau. Mai alwala ma haka yake yi. Kowa ya ce haka mai alwala yake yi, kuma simintin babban kanal santsi gare shi.

Juma'a, 15 ga Maris, bayan an sauko

Na yi wankan Juma'a, Iya ta sake min kitson takaba. Tana ja tana mita, wai gashina ya fara zubewa don ba na cin abinci.

Na ce, "Iya, kin tuna ta?"

Ta ce, "Wa?"

Na ce, "Waccan."

Hannunta ya tsaya. Ta ce, "Mai kunnuwan gidanmu. Yo ba ni na yi miki wankan jego ba?" Ta ci gaba da kitso. Can ta ce, "Kin yi kunya yadda ya kamata. Har yau ana misali da ke."

Ana misali da ni. 'Yar fari ce, ban taɓa kiran sunanta ba. Ban ɗauke ta a gaban mutane ba. In ta yi kuka a taro sai in kau da kai, wata ta ɗauka. Da ƙyanda ta tafi da ita, ban yi hawaye a gaban kowa ba, aka ce kai, wannan yarinya akwai kunya. Shi ba ruwansa da kunya, a wuya yake ɗora ta ya zaga Tudun Wadar Zariya, ana ce masa bature. Ba mu taɓa kai ta gidan hoto ba. Ban sake haihuwa ba.

Lahadi, 17 ga Maris, da hantsi

Na ɗauki alƙalaminsa. Na ce bari in ƙarasa masa na manya tukuna. Dogo na farko da na ja wa layi, layin ya karkace. Na ce, "Yi haƙuri, Dogo." Iya ta jiyo ni daga tsakar gida ta ce, "Da wa kike magana?" Na ce da kaina.

Kamar yanka ne. Na rasa ko in yi bisimilla.

Na yi guda goma sha wani abu. A kowanne tana kusurwa tana kallon tsakonta. Ba ta kallona. Da ma ba ta saba ba.

Litinin, 18 ga Maris, da azahar

An rufe ruwa yau, gyara suke yi. Shirun ya fi ƙarar muni. Rabon da a rufe shi da rana haka tun ranar da aka rufe don a neme shi, mutane suka tsaya a kan gaɓa suna kallon ruwa yana janyewa.

Laraba, 20 ga Maris, da tsakar rana

Na ɗan kishingiɗa, ban ce barci na yi ba. Na gan shi a tsaye a wani fili fari kamar kwali, rigarsa na ɗigar ruwa. Ga su Dogo a jere a gabansa, da jakuna, da matan kasuwa, layi har inda ido ya ƙare, kowa baki a buɗe. Yana bi yana hura musu iska ɗaya bayan ɗaya, kamar mai hura wutar ɗanyen itace. Ya juyo zai yi min magana, sai na ga kumfa a kansa, fara.

Na tashi na ja wa guda ashirin layi ban huta ba.

Alhamis, 21 ga Maris, bayan la'asar

Yaya Sunusi ya aiko da buhun kauɗa, busasshen tumatir, daga gonar Malam, ya ce a tambaye ni ina aka kwana. Na ce a ce masa ana yi.

Ba ƙarya na yi ba. Ana yi.

Na lura da wani abu a kwali na ƙarshe. Babu Dogo, babu jaki. Tsakar gida ce kawai, da turmi a kife, ita kaɗai a kusurwa, babu tsakon. A duk sauran ba ta da kumfa, ba ta taɓa magana ba. A wannan tana da ita. Kuma cikin kumfar fes, babu tabon gam. Ba a taɓa manna komai ba.

Asabar, 23 ga Maris, da safe

Ƙarar alƙalami kuma. Ban leƙa ba.

Lahadi, 24 ga Maris, da la'asar sakaliya

Tambaya ya zo.

Sama da shekara ashirin rabona da muryarsa. Tun da muka baro Zariya ba su sake zama inuwa ɗaya da Malam ba, ko da yake rugar danginsa nan ce bayan Bunkure, inda ya koma da ya bar aiki. Ban taɓa sanin abin da ya raba su ba. Sai jiya wai ya ji labari a kasuwa.

Iya ta shimfiɗa masa tabarma a bayan zana, ni ina ciki. Ya yi gaisuwa ya yi addu'a. Iya ta kai masa ruwa ta ce, "Kai Bafillace, har yanzu kana nan kamar sandar kiwo? Ba a cin tuwo a rugar taku?"

Ya ce, "Iya, ai ku Haɓe kun cinye. Ga shaida nan a jikinki."

Ta ce, "Ja'iri. Tsufa bai gyara bakin ba."

Ya ce idonsa ya tafi, sai dishi-dishi. Ya tambayi kwalayen. Na gaya masa komai, har layin. Ya ce, "Amaryar Surajo, ɗauko ɗaya ki gaya min abin da kike gani."

Ba wanda ya kira ni haka tun ina 'yar sha biyar.

Na ɗauko. Na ce zanen an raba shi gida uku ne. A na farko ga mai ƙidayar dabbobi da littafi yana tahowa, Dogo yana sa wa jaki babbar riga da hula. A na biyu jakin yana zaune a zaure cikin dattawa, mai ƙidaya na nuna shi da alƙalami.

Tambaya ya sake murya, ya yi ta ma'aikaci: "Wannan dattijon fa?" Ya koma ta Dogo: "Yayana ne, ranka ya daɗe, ba ya son surutu." Ya ce, "Na uku fa?"

Na ce mai ƙidaya ya miƙo hannu, Dogo yana fizge rigar.

Ya ce, "To, kawo harajinsa na shekara uku." Sannan: "Tuɓe, Razdan, tuɓe! Zama mutum ya fi tsada!"

Dariya ta ƙwace min. Ban san tana nan ba. Na toshe baki da mayafi, Iya ta ce, "A'uzubillahi, gidan takaba!" alhali ita ma kafaɗunta na rawa. Muka yi guda bakwai ko takwas. Ko ɗaya bai manta ba. Ina faɗar hannun Malam, yana faɗar bakinsa. Sai na ga kamar garin nan na cikin adaka ya farka, ana ciniki.

Sannan na ɗauko na ƙarshe. Na ce babu Dogo, babu jaki. Turmi a kife.

Na ji tabarma ta motsa. Na ɗauka ya tashi.

Ya ce, "Mako guda bayan an kai ta ya kawo min wannan. Ya ajiye a tebur ya ce, Tambaya, sa mata magana. Na ce Surajo, jaridar ban dariya ce. Ya ce kai ne mai magana, shekara takwas kana sa wa jaki magana, sa mata. Na kwana uku da kwalin. Wallahi ban sami kalma ɗaya ba. Na mayar masa. Ya dube ni ya ce, to me ke amfaninka? Daga nan Dogo bai sake fitowa ba."

Na ce, "Yanzu fa? Ka samu?"

Ya ce, "A'a."

Da zai tafi ya ce, "In kin gama da su kar a ƙona. Ko da layin a wuya, Dogo ne." Na ji sandarsa tana laluben ƙofa.

Litinin, 25 ga Maris, da hantsi

An buɗe ruwa.

Laraba, 27 ga Maris, da azahar

Na gama manya. Babu sauran Dogo mai kai a haɗe, babu jaki, babu kaza. Har tsakon na ja wa.

Saura ita. Sau talatin da wani abu.

Na ɗora alƙalamin a inda ya ɗora, a kan ɗigonsa. Na ji sanyi a bayan hannuna kamar an ɗiga ruwa. Rufin ɗakin ba ya yoyo, kuma rabonmu da ruwan sama tun kaka.

Alhamis, 28 ga Maris, da yamma

In na bar ta, shi za a tsayar. In na ja, na yanka ta da hannuna, ni da ban taɓa rungumar ta a gaban mutane ba.

In na bar ta, shi za a tsayar.

Na rubuta wannan sau biyu, bai sake ba.

Asabar, 30 ga Maris, da hantsi

Mata sun zo surfen gero na gumbar sadaka. Gidan ya cika da ƙarar taɓarya. Na zauna a ɗaki ina ta juya maganar Yaya Sunusi. Za a ce masa busa mata rai. Na ce a raina, ai abin da yake ta yi ke nan tun a Zariya, ba a ma ce masa ba. Abin da ya nema wajen Tambaya ke nan. Bai iya ba a nan, ba zai iya ba a can. Shi kaɗai, a wannan farin filin, da jiƙaƙƙiyar riga.

Shi kaɗai ɗin ne ya tsaya min a wuya.

Na sake duba ta da kyau, kwali bayan kwali. Ya kama kunnuwan, ya kama goshin, ya kama yadda take lanƙwashe babban yatsan ƙafa. Abu ɗaya ya bari. Tana da baƙin tabo ƙarami a ƙarƙashin kunnen hagu. Bai san da shi ba, ko ya manta. Ni na sani. In na shiga da ita wanka, na sakaya ƙofa, ba mai gani, nan nake sa bakina.

Lahadi, 31 ga Maris, bayan azahar

Na yi alwala. Na tsoma alƙalaminsa a tawadarsa. Na sa mata tabon a ƙarƙashin kunne, a kowane kwali, tun daga na farko har na turmi. Alƙalamin bai karkace ba ko sau ɗaya.

Kumfar na bar ta yadda take.

Litinin, 1 ga Afrilu, bayan la'asar

An yi sadakar arba'in. Da mutane suka watse Yaya Sunusi ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Sa'a, an gama?"

Na turo masa adakar. Ya tsuguna yana ɗagawa ɗaya ɗaya, yana cewa madalla, madalla. Sai ya zo kanta. Ya wuce, ya ga ta biyu, ya ga ta uku.

Ya ce, "Kin tsallake wannan."

Na ce, "Ban tsallake ba, Yaya. Duba ƙarƙashin kunnenta. Ni na zana wannan, jiya. Yanzu mu biyu muka yi ta, kamar farko. In an kira shi a kanta, sai a kira ni mu tsaya tare."

Ya ce, "Subhanallahi. Kin san abin da kike faɗa?"

Na ce, "Na sani. In ka ƙona ma na riga na zana."

Ya daɗe da kwalin a hannu, ya kai shi kusa da ido, ya nisanta. Na ji numfashinsa ya sake. Ya ce, a hankali, ba da ni yake ba, "Kunnuwan babanmu." Ya mayar, ya rufe adakar da hannu biyu, ya turo min ita ciki. Ya ce, "Ban ce daidai ne ba. Zan yi ta roƙa muku, ku duka ukun." Ya tafi, ya manta carbinsa a kan tabarma.

Ban sani ba ko na rage masa nauyi ko na ƙara wa kaina ne kawai. Allah Shi ya san abin da ke cikin hannun kowa.

Ruwa yana wucewa a bayan katanga. Iya tana kiran in fito in ci gumba kafin ta ƙare. Zan fita. Bari in rubuta abu ɗaya tukuna, da rubutun kazata, tunda ban taɓa faɗa da baki ba.

Barira.

Sunanta Barira.